Ƙwai Ashirin daga Bawku

Ni dai ban taso ina son zabi ba, gara in faɗa tun yanzu. A gidanmu na Bawku mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana da su da yawa, kuma ban tuna ranar da suka bar ni na yi barcin safe ba. Kaza tana da hankali. Ta shiga akurki ta yi ƙwanta, ta fito ta sanar, ta kama harkar gabanta. Zabuwa kuwa sai ta ratsa gonar mutane, ta je can gindin wata ƙaya ta zuba, ta dawo gida tana kallonka da ido ɗaya kamar ba ita ba. Ni ake turawa in bi sawunta, da dogon ludayi a hannu, domin Inna ta ce in ta ji warin hannun mutum a gurbin ta bar shi ke nan. A kwaso, a bar mata uku don ta dawo gobe. Ina tafe ƙaya na sukata, ina zagin zabuwa da duk danginta.

Zabin Inna masu ruwan toka ne, ba irin baƙaƙen nan masu ɗigo-ɗigo da ke ko'ina ba. A wurin mahaifiyarta ta gaji irin, kuma ranar kasuwa har Mosawa da Kusasawa sukan biyo gida neman ƙwansu. Tana yi musu magana kamar mutane, tana yi musu faɗa, ta san wadda ta fi kwaɗayi da wanda ya fi tsoro. Sau da yawa takan kira ni in zo in ga yadda take sa wa kaza ƙwan zabi, tunda zabuwa ba uwa ba ce, in ta ƙyanƙyashe da kanta sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su ƙare. Ina zuwa in tsaya, ina cewa to, to, hankalina yana can wajen ƙawayena.

Da na yi aure Salaga aka kai ni, gidan ɗan gwaggona, wanda ni da bakina na ce ina so. Gidan tsofaffin fataken goro ne, amma a zamaninmu goro ya canza hanya, maigidana doya yake saye ya kuma sauko da shanu daga arewa. Uwarsa, yayar mahaifina, na ci gaba da kiran ta Gwaggo kamar da. Gwaggo mai kaji ce ta gaske, tana taƙama da su, kuma ba ta ɗauki zabo a bakin komai ba. "Tsuntsun daji ne," in ji ta, "ba shi da kunya, ba shi da godiya." Na ce mata ai ni ma haka na gani. Amma damina ta farko da na yi a gidan, sai na riƙa farkawa da asuba ina kasa kunne, ban san me nake jira ba. Na daɗe kafin in yarda cewa hayaniyar nan da na tsana ce nake nema, kuma kewar Inna ce ta biyo ta wannan hanya.

A shekara ta uku, kafin a fara ɗibar soja zuwa yaƙin Turawa na biyu, maigidana ya tashi zuwa Bawku sayen shanu da farkon damina, na bi shi ganin gida. Na tarar da Inna ƙafafunta sun kumbura, daga kan tabarma take watsa wa zabinta gero. Bakinta dai yana nan. Ta ce doya ta sa na yi ƙiba, na ce ita kuma zabi sun sa ta kurumce. Ana gobe zan tafi ta sa aka ɗauko wata ƙwarya cike da ƙaiƙayi, ta binne ƙwai ashirin a ciki ɗaya bayan ɗaya, duk na kwana uku da suka wuce, tsinin yana kallon ƙasa.

"Ba na ci ba ne," ta ce. "Ki sa wa kaza. In sun fito ki aiko mini da labari, ko ta bakin masu shanu ne. Ina so in ji an yi kukansu a Salaga."

Na ce to, Inna. A wannan karon da gaske na ce.

Maigidana zai biyo shanunsa a ƙafa, ni kuwa aka sa ni a mota da ƙwaryata a cinya. Duk wanda ya hau motar wancan zamani da damina ya san abin da na gani. A tafi, a kafe, maza su sauka su tura, a sake tafiya. Ban bar kowa ya taɓa ƙwaryar ba, har wani dattijo ya tambaye ni ko zinariya na ɗauko. A Yendi motar ta ƙi tashi sam, sai na sauka gidan kawuna na kwana biyu. Matarsa Badagwambiya ce mai kirki, irin kirkin da yake wuce gona da iri. Da safe na fita gaida mutane, na dawo na same ta tana murmushi, ga akushi a gabana an rufe da faifai. Na buɗe, ƙwai shida dafaffu, har ta ɓare biyu ta barbaɗa musu yaji. Ta ga ƙwai a kayan baƙuwa, ta ɗauka guzuri ne na kasa dafawa.

Ban san yadda na riƙe bakina ba, don ni ba mai riƙe baki ba ce. Na ci ɗaya, hawaye na zuba, ta ce yajin ne ya yi yawa. Daga ranar ƙwaryar ko ban-ɗaki zan je sai na kai ta bakin ƙofa. Kafin mu isa Salaga biyu suka tsage a hanya, na sauka da goma sha biyu.

Gwaggo ta leƙa ƙwaryar ta taɓe baki, amma da ta ji daga hannun wa suka fito sai ta sassauto. Tana da wata baƙar kaza babba, uwar kirki, wadda ba ta taɓa barin ƙwai ko ɗaya ba, kuma aka yi sa'a ta fara kwanci kwana biyu da suka wuce a kan gurbi wayam. Ta ce in sa mata. Muna jera ƙwan sai ta shiga ɗaki ta fito da na kaza huɗu.

"Kazata ba za ta yi zaman banza a kan 'ya'yan wasu ba," ta ce. "A haɗa da nata. Ko ba a haɗawa?"

"Ana haɗawa mana, Gwaggo," na ce, har da ɗaga kai irin na wadda ta sani. "Haka Inna ma take yi."

Kuma ba ƙarya na yi ba. Na sha ganin kazar Inna tana tafe da 'yan tsaki da 'ya'yan zabi a haɗe, 'yan tsakin suna koya musu shiga akurki da zuwa in an kira. Abin da na gani ke nan, shi na faɗa. Muka tura ƙwai goma sha shida ƙarƙashin baƙar kaza rana ɗaya, muka yi bisimilla muka rufe akurki.

Gwaggo da Juma'a take ƙirga kwancin kaza. Da aka yi ta uku, da hantsi, sai ga 'yan tsaki huɗu suna leƙowa ta ƙarƙashin fiffike. Muka yi murna, Gwaggo ta ce na gani ko, kazarta ba ta wasa. Na zabi kuwa shiru. Na ce ƙila gobe. Washegari da safe na fito na ga baƙar kaza a tsakar gida tana tonon ƙasa, 'ya'yanta huɗu na biye, ta bar ƙwan Inna a gurbi ko waiwaye ba ta yi. Na taɓa su, ɗuminsu ya fara tafiya.

Raina ya ɓaci. Na ɗauka duk hanya ta kashe su, bara-gurbi na yi ta dako tun daga Bawku. Cikin fushi na ɗauki ɗaya na buga a bakin turmi. Ƙwan zabi da tauri, sai a bugu na biyu ya fashe. Abin da ya fito ba ruɓa ba ce. Ɗan zabo ne, da kansa da ƙafafunsa da jiƙaƙƙen gashinsa, a naɗe, ya motsa ƙafa sau biyu a tafin hannuna ya daina.

A nan tsaye komai ya dawo mini. Na ga Inna tana jan layi da gawayi a bangon akurki. Na ji muryarta tana cewa kaza kasuwa bakwai take yi, zabuwa tara da kwana ɗaya, da yake kasuwar Bawku duk kwana uku take ci. Ƙwan zabi take fara sawa, sai an yi mako guda cur ta ƙara na kaza, don su fito tare. Ta faɗa mini wannan ya fi sau goma ina cewa to. Na ga ƙarshen aikin a tsakar gida ban taɓa duban farkonsa ba. Na zauna a ƙasa da ɗan zabon a hannu na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kawo ni gidan.

Gwaggo ta fito da gudu. Na gaya mata a gutsuttsure. Na jira ta ce ai ga mai ilimin zabi nan, kuma da ta faɗa da na cancanta. Ba ta faɗa ba. "Saura kwana nawa?" kawai ta tambaya. Na ce shida. Ta cafko baƙar kaza ta danna a gurbi ta kife kwando a kanta, amma kazar tana jin kukan 'ya'yanta ta haukace, ta kusa tattake ƙwan. Gwaggo ta sake ta. Sai ta ware ɗankwalinta, ta jera ƙwai goma sha ɗaya a ciki, ta naɗe, ta ɗaura a cikinta ƙarƙashin zane, fata da fata. Ta yafa mayafi ta ce, "Tashi, 'yar nan. Garin nan ba za a rasa kaza mai kwanci ba."

Gwaggo ba mai shiga gidajen mutane ba ce, ita ake zuwa gaisarwa. Ranar kuwa gida-gida muka bi zango, ɓangaren Hausawa da sauran baƙi na garin, tana tafe a hankali da hannu biyu a ciki kamar mai tsohon ciki, tana sallama tana tambaya. Wata ta ce tata ta ƙyanƙyashe shekaranjiya. Wata ta ce an yanka tata da suna. Wata ta kalli cikin Gwaggo ta kalle ni, ta rasa wanda za ta yi wa barka. Rana ta take, muka dawo unguwarmu hannu wofi, saura gida ɗaya, wanda yake jikin katangarmu.

Matar gidan Bagwanjiya ce, sa'ar Gwaggo, kuma sun shekara biyar ba sa ga-maciji tun ranar da akuyarta ta cinye kuɓewar da Gwaggo ta shanya. Gwaggo ta tsaya a ƙofar. Na ce mu haƙura. Ta harare ni, ta yi sallama da ƙarfi.

Matar ta fito tana goge hannu, ta dube mu sama da ƙasa. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Kai ne yau a gida na? Wani ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu," in ji Gwaggo. "Kaza mai kwanci nake nema aro."

Ta kwance ɗankwalin ta nuna mata, ta faɗi abin da ya faru, kuma ta ce ita ce ta haɗa ƙwan, ba ta ambaci sunana ba. Matar ta yi dariya har da dafa bango. "Ku mutanen goro! Yaro ƙarami ma ya san wannan." Amma tana dariyar tana ɗaukar ƙwan ɗaya-ɗaya tana karawa a kunci. "Bai yi sanyi duka ba. Kawo shi." Tana da wata 'yar jar kaza da ta kwana huɗu a kan ƙwanta. Ta kwashe nata ba ta ko yi shawara ba, ta zuba namu, jar kaza ta gyara zama kamar ba abin da ya canza. Da yamma Gwaggo ta kama baƙar kazarta, wadda ko aronta ba ta taɓa bayarwa ba, ta haɗa da 'ya'yanta huɗu a kwando ta ce in miƙa wa maƙwabciya ta katanga.

Kwana shidan nan kusan a gidan maƙwabciya na yi su. A na bakwai suka fara fitowa, ƙanana ƙwarai, masu jan ƙafa da zane a ka, suna fita daga ɓawo suna neman gudu. Bakwai suka fito, huɗu suka zama bara-gurbi. Muka dawo da su gida tare da jar kaza, maƙwabciya na biye tana ba da umarni, Gwaggo na cewa ai ta sani, alhali ba ta sani ba.

Maƙwabciyar ce ta koya mini kamun gara, abin da na tabbata Inna ta nuna mini ni ma ban duba ba. A cusa busasshen kashin shanu da kara a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife a bakin ramin gara da yamma. Da safe a ɗauko a zazzage, sai ka ga 'ya'yan zabi sun yi kanta kamar ba su taɓa cin abinci ba. Ba a sake su sai raɓa ta bushe, kuma ruwan shansu a kasko marar zurfi da tsakuwa a ciki. Duk da haka raɓa ta ci biyu ranar da na makara, shirwa ta ɗauke ɗaya a kan idon Gwaggo, ta bi ta da muciya har waje tana tsine mata. Huɗu suka rayu, zabo ɗaya da zabi mata uku, duk masu ruwan toka. Sun girma suna bin jar kaza, har suka fi ta tsawo suna ƙoƙarin shiga ƙarƙashinta, tana tafe suna ɗaga ta sama.

Labari kuwa ban aika ba. Masu shanu suna hawa Bawku kusan kowane wata. Maigidana ya tambaye ni sau biyu ko akwai saƙo, na ce a gaishe ta kawai. Gwaggo ta yi mini faɗa, ta ce uwa ta ce a aiko mata da labari, mene ne na ɓoyewa? Ni kuwa kunya ce ta riƙe ni, da girman kai. Ashirin ta ba ni. Yaya zan ce huɗu? In ta tambayi yadda aka yi, sai in ce duk shekarun da take koya mini ban ji ko ɗaya ba? Na shirya a raina cewa in damina ta zagayo za su yi ƙwai, in sa wa kaza yadda ya kamata, in cika ashirin, sannan in aika. Ina ganin dabara na yi.

Bayan girbi, wata ranar Laraba da la'asar, ina tsakar gida ina sheƙe dawa, sai na ji sallamar yayana. Bai taɓa zuwa Salaga ba sai ranar. Da na ga bai kawo shanu ba, bai kuma yi mini tsiyar da ya saba ba, na ajiye faifan. Ya gaida Gwaggo, ya zauna, ya ce mu yi haƙuri, Inna ta rasu kwana goma sha biyu da suka wuce. Gwaggo ta yi salati ta riƙe ni.

Bayan an yi addu'a an natsa, zabin nan huɗu suka dawo daga kiwo, suka hau katanga suka ɓarke da kuka kamar yadda suka saba. Yaya ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonsu.

"Ashe sun fito," ya ce.

"Huɗu ne kawai, Yaya. Ta tambaya?"

"Kullum. Duk wanda ya sauko daga kudu sai ta sa an kira shi. Da jikin ya yi tsanani na ga abin yana damunta, sai na ce mata saƙo ya zo, duka ashirin sun fito."

"Me ta ce?"

Ya yi ɗan murmushi, idonsa ya cika. "Dariya ta yi, ta ce ban iya ƙarya ba. Ta ce ƙwan da ya sha motar damina, a hannun yarinyar da ba ta taɓa sauraro ba, in uku sun rayu ta yi ƙoƙari. Ta ce kunya ce ta hana ki magana, ta san halinki. Ta ce in na gan ki in gaya miki ko ɗaya ne ya isa, ita dai so take ta ji."

Ina da huɗu tun tsakiyar damina, masu shanu sun hau sun sauko ban san sau nawa ba, kuma kalma ɗaya ce za su kai mata. Yau na tsufa, na yafe wa kaina abubuwa da yawa, wannan dai har yanzu yana yi mini ciwo.

Rana ta kusa faɗuwa, zabin suka sauko daga katanga suka kewaye ni suna jiran hatsinsu. Gwaggo ta ɗebo gero a ƙwarya ta sa mini a hannu, ta ce, "Ba su, 'yar nan, ba su san an yi mutuwa ba." Na tashi na watsa musu.